Taguwar Nauyi da Matan da Suka Kama Ta: Amsa ga Wani Uba a Daura

Wani magidanci daga Daura ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Malama. 'Yata tana aji shida a sakandare. Mu mun so ta karanta likitanci ko aikin jinya, ita kuwa ta kafe sai fiziks, wai tana son bin sawun wasu mata da suka gano girgizar sararin samaniya. Mene ne wannan abu? Da gaske akwai mata a cikin aikin, ko jera su ake yi a hoto kawai? Ina amfaninsa ga yarinyar Daura? Wani abokina ma ya ce mini ilimin taurari duba ne."

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana ita. Na daɗe ina koyar da fiziks a nan Katsina, kuma ba kasafai uba yake tambaya kafin ya yanke hukunci ba. Yawanci sai an gama cike fom ɗin JAMB yarinya take zuwa mini ido jawur. Tunda kai ka tambaya da wuri, ka yi haƙuri da tsawon amsar.

Maganar duba ita zan fara kawarwa, don ba ta da wahala. Mai duba yana kallon tauraro ya ce maka kada ka yi tafiya ranar kaza, ko auren nan ba alheri. Mu ba ruwanmu da goben kowa. Nisan tauraro muke aunawa, da nauyinsa, da zafinsa, da abin da ke cikinsa, mu baje lissafin a fili domin wani a Masar ko Sin ya sake aunawa, in mun yi kuskure ya kama mu. Dangin ilimin da ake fitar da alƙibla da lokutan salla ne, kuma ɗan'uwan abin da tsohon manomi ke yi in ya ɗaga kai ya dubi Kaza da 'Ya'yanta don ya san inda shekara ta kai.

Abin da 'yarka ta kira girgizar sarari, ni a aji taguwar nauyi nake ce masa. A 1915 Albert Einstein ya zo da sabon bayani kan dalilin da ya sa mangwaro ke faɗowa ƙasa, wata ke zagaya duniya, duniya ke zagaya rana. Ya ce shi sararin da muke ciki ba fanko ba ne kurum, abu ne da ke lotsawa in an ɗora masa nauyi. Ka ɗauka mata huɗu sun kama zane ta kusurwoyinsa sun ja, aka ɗora kabewa a tsakiya. Zanen zai lotsa. In ka wurga ƙwallon goruba a gefe, ba zai tafi sak ba, zai karkata ya kewaya kabewar. Rana ce kabewar, mu ne gorubar. Shekara guda bayan haka, a 1916, ya ƙara da cewa idan abubuwa biyu masu nauyi suna zagaya juna, lotsawar ba ta zama wuri ɗaya, bazuwa take yi kamar zobban da ruwan kududdufi ke yi in yaro ya jefa tsakuwa, kuma da saurin haske take tafiya. Duk abin da ta ratsa sai ta miƙar da shi ta wani gefe ta matse shi ta ɗaya gefen, sannan ta juya. Da faifai za ka riƙe, sai ya ɗan yi tsawo gabas da yamma, ya dawo, ya ɗan yi tsawo kudu da arewa. Yanzu haka irin wannan taguwa tana ratsa Daura, ta ratsa rijiyar Kusugu, ta ratsa jikinka, ba wanda ke ji.

Ba a ji ne saboda ƙanƙantarta ta wuce misali. Taguwar da aka fara kamawa ta canza tsawon kilomita 4 da abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na faɗin furoton ba, shi kuwa furoton ɗan mitsitsi ne a tsakiyar ƙwayar zarra. Kwatankwacin a ce ka auna nisan da ke tsakaninmu da tauraro mafi kusa bayan rana, ka gane ya ƙaru da kaurin silin gashi ɗaya. Shi kansa Einstein ya yi ta kai-kawo a kanta. A 1936 har ya rubuta cewa babu ita, daga baya ya gano kuskurensa ya janye.

Tun a wannan zamanin ruɗanin mata suka shigo, kuma ba ta ƙofar baya ba. Wata Bafaranshiya masaniyar lissafi, Yvonne Choquet-Bruhat, ta tabbatar a 1952 cewa lissafin Einstein tsayayye ne: in ka san halin da sarari ke ciki yanzu, lissafin zai ba ka abin da zai biyo baya, amsa guda ɗaya, kuma tasirin nauyi ba ya wuce saurin haske. Duk mai sa kwamfuta ta kwaikwayi karon taurari a yau, a kan harsashinta ya yi gini. A 1979 ta zama mace ta farko da aka zaɓa cikakkiyar mamba a majalisar masana kimiyya ta Faransa, ta kuma rasu a 2025 tana da shekara 101. Wata Bafaranshiyar kuma, Cécile DeWitt-Morette, ita ta shirya taron Chapel Hill a Amurka a 1957, inda aka kawo hujjar da ta gamsar da yawancin masana cewa taguwar nan gaskiya ce, tana ɗauke da ƙarfi, don haka ana iya kama ta.

Sai labarin da nake so 'yarka ta ji da kyau. A 1967 wata ɗalibar digirin digirgir a jami'ar Kambirij ta Ingila, Jocelyn Bell, tana bin dogayen takardun da na'urar sauraron sarari ke zanawa, mita bayan mita, da ido. Ita da abokan aikinta ne ma suka kafa turakun na'urar suka ɗaura wayoyinta da hannunsu. Sai ta lura da wani ɗan ƙazar-ƙazar da wani zai ce datti ne ya wuce. Ba ta wuce ba. Ta bi shi har ta gano wani abu ne a sama da ke bugawa kamar zuciya, duk bayan daƙiƙa ɗaya da sulusi, ba ya kuskure. Gawar tauraro ce da ta dunƙule, wadda muke kira tauraron niyutiron. Faɗinsa kamar rubu'in tafiyar Katsina zuwa Daura ne, amma ya fi rana nauyi, yana juyawa yana haska mu kamar mai yawo da tocila. Da aka tashi ba da lambar Nobel a 1974, sai aka ba malaminta Antony Hewish da Martin Ryle, aka tsallake ta. A 2018 aka ba ta wata kyautar ta dala miliyan 3, ba ta taɓa ko sisi ba, ta bayar duka a riƙa ɗaukar nauyin karatun mata da sauran waɗanda ba a cika gani a fiziks ba. A shekarar da aka tsallake ta ɗin, Russell Hulse da Joseph Taylor suka gano irin tauraron nata yana zagaya wani ɗan'uwansa, kuma da shekaru suka ja aka ga suna matsowa kusa da juna daidai gwargwadon da lissafi ya ce za su yi idan taguwar nauyi tana kwashe musu ƙarfi. An ga sawu ke nan, saura a ga mai sawun.

Na'urar da ta gan shi sunanta LIGO. Biyu ce, ɗaya a Hanford ta jihar Washinton, ɗaya a Livingston ta jihar Luwiziyana, duk a Amurka, tsakaninsu kilomita 3,000, kusan nisan Katsina da Alƙahira. Kowacce bututu biyu ne da suka haɗu a kusurwa kamar bangon ɗaki, kowane bututu kilomita 4, an zuƙe iskar cikinsa tas. Ana raba hasken leza gida biyu, kowane rabi ya bi bututu ɗaya, ya yi ta kai da komowa tsakanin madubai kusan sau 300, sannan a haɗa su. An saita abin yadda in tsawon bututun bai canza ba, hasken biyu za su kashe juna a ga duhu. In taguwa ta wuce ta miƙar da ɗaya ta matse ɗaya, sai ɗan haske ya ɓullo. Faɗarsa ba wuya. Wuyar ita ce komai a duniya yana motsa madubin: mota a kan titi, igiyar teku mai nisa, masu saran itace a dajin Livingston. A Hanford an taɓa shan wahalar wata hayaniya, da aka bi diddigi ashe hankaki ne ke saran ƙanƙarar da ta taru a jikin bututun sanyaya. Don haka aka gina biyu nesa da juna. Hankakan Hanford ba zai motsa madubin Livingston ba, amma abin da ya zo daga sama zai taɓa su duka.

Yawancin rayuwar masu wannan aiki a yaƙi da hayaniya take ƙarewa, kuma a nan za ka ga ko hoto ake jera matan. Madubin LIGO kilo 40 ne, ya kusa buhun siminti. Da wayar ƙarfe ake rataye na farko, amma ƙwayoyin ƙarfe suna rawa saboda ɗumi, rawar tana shiga awo. Sheila Rowan ta jami'ar Gilasgo a Sikotilan tana cikin jagororin da suka yi shekaru suna gwaji har aka koma rataye shi da zaren gilashi guda huɗu, kowanne kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Nergis Mavalvala kuwa a Lahor aka haife ta a 1968, ta tashi a Karachi ta ƙasar Pakistan, ta tafi Amurka karatu, ta yi digirin digirgir a jami'ar MIT a hannun Rainer Weiss, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro LIGO. Matsalar da ta fi shahara da ita ta hasken kansa ce. Haske ƙwaya-ƙwaya yake zuwa kamar yayyafi a kan rufin kwano, ba a jere daidai ba, kuma wannan rashin daidaiton yakan rufe siginar da ake nema. Ba a iya kawar da shi gaba ɗaya, haka halittar hasken take. Amma ana iya ture shi daga gefen da kake aunawa zuwa gefen da bai dame ka sosai ba, kamar ka danne buhun auduga ta nan ya kumbura ta can. Ita da abokan aikinta sun yi shekaru a kan wannan matsattsen haske, aka fara aiki da shi a LIGO a 2019, na'urar ta ƙara jin nesa. A 2020 ta zama mace ta farko da ta shugabanci tsangayar kimiyya ta MIT.

Akwai kuma waɗanda ba su taɓa riƙe sukurdireba ba, alƙalami da kwamfuta ne kayan aikinsu, kuma wannan ɓangaren ya fi shafar 'yarka. Ka san yadda uwa ke zaune a gidan biki, ga kiɗa ga guɗa ga surutu, amma da ɗanta ya yi kuka a can bayan ɗaki sai ta miƙe? Ba don kukan ya fi kiɗan ƙara ba ne, don ta san muryar ne tun kafin ta ji. Haka ake tsamo taguwa daga hayaniya: sai an riga an san kamanninta. Alessandra Buonanno, 'yar Italiya, ita da Thibault Damour suka fito da wata dabara a 1999 ta mayar da lissafin baƙaƙen ramuka biyu masu zagaya juna ya zama kamar na abu ɗaya, aka samu hanyar zana muryar da ake jira. Tun 2014 tana cikin daraktocin cibiyar Max Planck ta binciken nauyi a Potsdam ta Jamus. Baƙin rami, Malam, wuri ne da nauyi ya taru ya yi yawan da ko haske ya shiga ba ya fita. Daƙiƙar ƙarshe ta karon irin waɗannan ramuka ta gagari alƙalami, ta kuma gagari kwamfuta shekaru masu yawa, da an kunna lissafin sai ya watse. A 2005 ƙungiyoyi uku suka warware matsalar. Na farko Frans Pretorius ne shi kaɗai. Sauran biyun, ɗaya Manuela Campanelli ke jagoranta a Brownsville ta jihar Texas, ɗaya Joan Centrella a cibiyar Goddard ta hukumar NASA. Biyu cikin uku ke nan mata suka jagoranta.

Ranar Litinin 14 ga Satumba 2015, da ƙarfe 10:50 na safe agogon Najeriya, saura kwana goma Babbar Salla, mutane na ta cinikin raguna a Mai'adua, taguwar ta iso. Ta fara taɓa Livingston, bayan kashi 7 cikin dubu na daƙiƙa ta taɓa Hanford. Duka-duka kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ta yi. In aka mayar da ita sauti, murya ce da ke farawa ƙasa-ƙasa ta haura da sauri ta yanke, kamar makaɗi ya matse tsirkiyar kalangu a hammata. Baƙaƙen ramuka biyu ne, ɗaya ninki 36 na nauyin rana, ɗaya ninki 29, suka haɗe suka zama ɗaya mai ninki 62. Ka lissafa za ka ga uku sun ɓace. Nauyin rana uku ne ya koma taguwa cikin ƙiftawar ido, kuma a wannan ɗan lokacin ƙarfin da ya fita ya fi hasken dukkan taurarin da ake iya hangowa in an haɗa su. Shekara biliyan 1.3 ta yi a hanya.

A lokacin, shugabar da masanan ƙungiyar LIGO, su sama da dubu, suka zaɓa ta jagorance su ta kuma yi magana da yawunsu ita ce Gabriela González, haifaffiyar Kordoba a Ajantina, farfesa a jami'ar jihar Luwiziyana. Abin da ya fi burge ni a aikinta ba sanarwar ba ce, haƙurin da ya gabace ta ne. Ƙungiyar tana da al'adar cusa siginar ƙarya a asirce don a gwada ko mutanenta na farke. A 2010 an yi musu haka, suka yi wata shida suna aiki, har sun rubuta sakamako, sannan aka buɗe ambulan aka ce gwaji ne. Saboda haka da wannan ta zo, tambayar farko ita ce wa ya cusa. Aka bincika aka ga ba kowa. Aka bi na'urorin da ke sauraron girgizar ƙasa da iska da wutar lantarki ɗaya bayan ɗaya, har aka bincika ko wani ne ya yi kutse. Wata biyar mutum dubu suna riƙe da labari mafi girma a rayuwarsu, sai ranar 11 ga Fabrairu 2016 aka fito a birnin Washinton aka faɗa wa duniya. González na kan dandalin tana bayani, wadda ta buɗe taron kuma France Córdova ce, shugabar hukumar da ta biya kuɗin ginin, ita ma masaniyar taurari.

Na biyun da ya girgiza mu ya zo ranar Alhamis 17 ga Agusta 2017, da ƙarfe 1:41 na rana agogonmu, ana shirin azahar. Wannan karon taurarin niyutiron biyu ne, irin na Jocelyn Bell, kuma muryarsu ta kai kusan daƙiƙa 100. Baƙin rami ba ya ba da haske, amma waɗannan suna bayarwa. Daƙiƙa 1.7 bayan taguwar, tauraron ɗan'adam mai suna Fermi ya ga walƙiya daga wannan sashen na sama. Na'ura ta uku, Virgo, da ke kusa da Fisa a Italiya, wadda ta shiga aikin a farkon wannan watan na Agusta, ta taimaka aka taƙaita inda za a duba. Kafin awa 11 wani madubin hangen nesa a Chile ya hango sabon ɗigon haske a wani garken taurari mai suna NGC 4993, nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 130. Cibiyoyi kusan 70 a ƙasa da sama, har da na Afirka ta Kudu, suka juya gaba ɗaya suka dubi wuri guda.

Wannan haɗin kai ba daga sama ya faɗo ba. Masu na'urar taguwa da masu madubin hangen nesa mutane ne daban, kowa da yarensa, kuma masu madubi ba sa son ɓata darensu mai tsada a kan siginar da ba su yarda da ita ba. Marica Branchesi, 'yar Urbino a Italiya, shekaru ta yi tana shiga tsakani kamar mai sasanta dangi biyu kafin aure, tana lallashin waɗannan su riƙa sanarwa da wuri, waɗancan su kasance cikin shiri. Mujallar Nature ta sa ta cikin mutum goma na shekarar 2017. Vicky Kalogera, 'yar Girka da ke jami'ar Northwestern, tana cikin manyan da suka fassara abin da aka gani. Abin da aka gani kuwa ya shafi akwatin lefe. An daɗe ana tambayar inda zinariya ta samo asali, domin wutar cikin taurari irin rana ba ta iya ƙera ta. Launin hasken nan da yadda ya dusashe cikin kwanaki sun nuna cewa a irin wannan karo ake ƙera ƙarafa masu nauyi, dangin zinariya da filatinam. Mai yiwuwa ƙwarai wani kaso na ɗan kunnen da ke kunnen mahaifiyar yarinyar nan a irin wannan makera aka yi shi, tun ba a yi duniya ba. Ni dai duk lokacin da na zo nan a aji sai na yi tasbihi.

Ba zan ɓoye maka ba, rabon yabo bai tafi daidai da rabon aiki ba. Nobel ta 2017 maza uku aka ba, Rainer Weiss da Barry Barish da Kip Thorne, kuma sun cancanta, su suka ɗauki abin tun yana mafarki. Amma ƙa'idar kada a wuce mutum uku ba ta dace da aikin mutum dubu ba. Daga 1901 zuwa 2023 mata biyar kacal suka karɓi Nobel ta fiziks. Ɗaya daga cikinsu, Andrea Ghez, a 2020 ta samu, bayan ta yi shekara fiye da ashirin tana bin taurarin da ke kewaya baƙin ramin tsakiyar garken taurarin da ranarmu ke ciki, mai ninki miliyan 4 na nauyin rana. Ni ma da nake aji ɗaya a jami'a, mu uku ne mata a ajin, wani malami ya kira mu ya ce mu koma bayoloji tun da sauran lokaci. Biyu sun koma. Har yau ina jin ciwon abin, don ɗayarsu ta fi ni lissafi nesa ba kusa ba.

Aikin bai ƙare ba, yanzu ma aka buɗe ƙofa. Karon da aka kama ya haura ɗari biyu, wasu ramukan kuma nauyinsu ya faɗa inda lissafin mutuwar taurari ya ce bai kamata a same su ba, kamar na 2019 da ya haifar da rami mai ninki 142 na rana. Ba a san ainihin abin da ke cikin cikin tauraron niyutiron ba. Hanyoyi biyu na auna saurin buɗewar sararin samaniya sun ƙi ba da amsa ɗaya, ana fatan taguwar nauyi ta raba gardama. A Yunin 2023 ƙungiyar NANOGrav, wadda Maura McLaughlin ke cikin jagororinta, ta ba da shaidar wata doguwar taguwa mai gurnani a ko'ina, bayan shekara 15 tana sauraron bugun taurari sama da sittin irin na Bell. Turawa kuma sun amince a 2024 za su harba na'urar kama taguwa mai suna LISA wajen 2035, kumbo uku a sama, tsakanin kowane biyu kilomita miliyan 2.5. Lokacin 'yarka ba ta kai talatin ba.

To, ina amfaninsa ga yarinyar Daura? Gaskiya ɗaya ce, Malam. Babu irin wannan na'ura ko ɗaya a Afirka, kuma ba wanda zai ɗauke ta aikin taguwar nauyi a Katsina. In abin da gida ke buƙata shi ne albashi da wuri, aikin jinya ya fi kusa, kuma aiki ne mai daraja da lada. Amma yarinyar da aka tura inda ranta ba ya so, na sha gani, takan gama da ƙyar ko ta bari a hanya. Shi kuwa wanda ya karanta fiziks da gaske ba ya rasa abin yi. Asibitocin da ke gasa cutar daji suna neman masana fiziks su auna ƙarfin hasken da ake ba majiyyaci. Akwai hukumar hasashen yanayi, akwai hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa da cibiyarta ta Nsukka, akwai aikin tace bayanai a kwamfuta da bankuna da kamfanonin waya ke biya da tsada, kuma dabarar tsamo sigina daga hayaniya ita ce dai a can ma. Ga koyarwa. Makarantun 'yan mata na jihar nan suna ƙishirwar malamar fiziks mace.

In kuma binciken take so har zuciya, hanyar tana nan, an bi ta. Ta yi digirin farko a fiziks ko lissafi a nan kusa da ku, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko ta Tarayya da ke Dutsin-ma, ko Bayero a Kano, ko Ahmadu Bello a Zariya, ta fito da sakamako mai kyau. Ta koyi rubuta manhaja da Python tun yanzu. LIGO tana sakin bayananta kyauta a intanet, wanda ke da ƙaramar kwamfuta a Daura zai iya sauke ainihin siginar 14 ga Satumba ya tace ta da kansa, akwai kuma shirin Gravity Spy inda kowa ke iya taimakawa wajen rarrabe hayaniyar na'urar. Bayan digiri akwai cibiyar lissafi ta AIMS, da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, mai rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda, tana ɗaukar ɗalibi shekara guda da ci da kwana kyauta. Akwai cibiyar ICTP a Triyeste ta Italiya, wadda Abdus Salam ɗan Pakistan ya kafa a 1964 musamman don 'yan ƙasashe irin namu. Afirka ta Kudu tana da MeerKAT, faranti 64 masu sauraron sama, ana kuma amfani da su a farautar doguwar taguwar nan.

Na san maganar aure na ranka ko da ba ka faɗa ba. Ka dubi Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero, Bakanuwa, wadda ta yi aure bayan sakandare, ta haifi 'ya'ya, ta shiga jami'a tana dab da shekara talatin, ta zama masaniyar fiziks ɗin yanayi, har ta karɓi lambar yabo ta duniya a 2015. Ga Farfesa Francisca Okeke ta Nsukka, da ta samu lambar L'Oréal da UNESCO a 2013 kan binciken saman iskar duniya. Ƙasar nan tamu ma ba baƙuwar lissafi ba ce. Muhammadu al-Kashinawi daga Katsina ya tashi, ya rubuta littafinsa kan jera lambobi a gidaje yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, masana tarihin lissafi suna nazarinsa har gobe. Abin da zan roƙa shi ne duk wanda ya zo neman aurenta a gaya masa maganar karatun tun a zaure, kafin a karɓi kuɗin gaisuwa.

Sha'awa kaɗai ba ta isa ba, don haka ka gwada ta. Fiziks lissafi ne, wanda ke gudun lissafi hotunan taurari ba za su riƙe shi ba. Ka tambayi malaminta na lissafi, ba na fiziks ba, yaya take in tambaya ta ƙi fita: rufe littafi take yi, ko kwana take a kai? In kun shigo Katsina ku biyo ta wurina, ta zo da littafin aikinta na lissafi na aji biyar, ina son ganin inda ta soke ta sake, ba makin da ta ci ba. Zan kunna muku sautin karon nan ku ji da kunnenku. Bai kai daƙiƙa ɗaya ba, sai an yi shiru an kashe fanka. A gaida mahaifiyarta.